Yini Ɗaya a Bakin Tafkin Togo

1. Alkawarin Baba

Awuda gari ne a tsakiyar ƙasar Togo. Yana kudu da Sokode, a kan babbar hanyar da ta taso daga Lome, ta bi ta Kara da Mango har Dapaong. Manyan motoci suna ratsa garin dare da rana. Yawancin mutanen wurin manoma ne. Suna noma doya da masara da dawa da auduga. Akwai kuma Hausawa ƴan kasuwa. Kakanninsu fatake ne masu bin hanyar Gwanja sayo goro, har wasu daga cikinsu suka zauna a zangunan Mango da Sokode.

A gidan wani mai sayar da hatsi akwai yara uku. Babbar ita ce Ladi, shekararta 12. Mai bi mata Bala, shekararsa 9. Sai Auta, ƴar shekara 5. Cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi rafin bayan gari girma.

Wata rana malami ya nuna musu taswirar Togo a aji. Can ƙasa, kusa da teku, akwai wani ɗan shuɗin tabo. Malami ya ce wannan shi ne Tafkin Togo. Da Bala ya koma gida, sai ya tambayi mahaifinsa:

— Baba, wai da gaske akwai ruwan da ba a hango ƙarshensa?

Baba ya yi murmushi, ya ce:

— Gani ya kori ji. In kai da yayarka kuka ci jarrabawa, zan kai ku Lome wurin Kawunku. Daga can mu je ku gani da idonku.

Yaran suka dage da karatu. Ƙarshen shekara ya zo, dukansu biyu suka wuce aji na gaba. Baba kuwa bai manta ba, don alkawari kaya ne.

2. A kan hanya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana gobe za a tashi, Inna ta wanke tufafi, ta soya doya da cuku, ta cika jarka da ruwan sha. Da asuba, bayan salla, suka fita bakin hanya. Motar da ta taso daga Sokode ta tsaya, suka shiga.

Daga Awuda zuwa Lome kimanin kilomita 300 ne. Sun wuce Sotubuwa, sun wuce Bilita da Aniye. A Atakpame suka ga gidaje a kan tuddai, mata suna ta tallar ayaba da lemo. Bayan Notse da Tsebiye, sai Ladi ta lura da wani abu.

— Baba, mun baro gida ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma nan ƙasa a bushe take.

Baba ya ce:

— Kin lura da kyau. Mu can arewa damina ɗaya gare mu a shekara. Su nan kudu damina biyu gare su, babba da ƙarama. Watan Agusta yana tsakanin su biyun, shi ya sa ruwa ya ɗan ɗauke.

Da yamma suka sauka a Zongon Aguwe, a arewacin Lome. Kawu, ƙanen Inna, ya tarye su da murna. Aka ci tuwo, aka yi hira. Kawu ya ba su labarin unguwar. Ya ce da can zangon Hausawa a tsakiyar birni yake, sai a shekarar 1977 hukuma ta tashe shi, mutane suka dawo nan.

A daren nan Bala bai yi barcin kirki ba. Sau biyu yana farkawa yana tambaya ko gari ya waye.

3. Ga teku, ga tafki

Da safe suka shiga mota, suka nufi gabas, suka bi hanyar Aneho. Bayan kamar kilomita 30 suka iso Agbodrafo. Itatuwan kwakwa sun yi layi a gefen hanya. Iska mai ɗan gishiri tana kaɗawa.

Kawu ya fara kai su bakin teku. Yaran suka tsaya cak. Igiyar ruwa tana tasowa kamar bango, ta faɗo a kan yashi da ƙara, sannan ta ja da baya da ƙarfi. Auta ta ƙanƙame zanen Inna.

Kawu ya ce:

— Nan kallo kawai ake yi daga nesa. Ruwan nan yana jan babban mutum ma, balle yaro. Ku zo mu tsallaka ɗaya gefen.

Suka ratsa gari, ba su yi nisa ba sai ga wani ruwan kwance luf, kamar an shimfiɗa tabarma. Wannan shi ne Tafkin Togo. Tsawonsa ya kai kilomita 15, faɗinsa kuma kilomita 6. Koguna biyu, Ziyo da Haho, suke zuba masa ruwa daga arewa. Siririn tudun yashi ne ya raba shi da teku, a kan tudun nan garin Agbodrafo yake zaune. Can wajen Aneho akwai mashiga inda ruwan tafki da na teku suke haɗuwa. Shi ya sa wani lokaci ruwan tafkin yakan yi ɗan gishiri-gishiri. Masunta suna kama karfasa da tarwaɗa da ƙaguwa da jatan lande a cikinsa.

A bakin tafkin akwai wurin shaƙatawa. Baba ya biya kuɗin shiga. Ciki akwai rumfuna da kujeru, da lilo, da abin zamiya, da kwamin siminti inda yara suke wanka. Akwai kuma ƙananan jirage da ake tuƙawa da ƙafa kamar keke. Wata doguwar gadar katako ta shiga cikin ruwa, a jikinta ake ɗaure jirage.

Bala da Auta suka shiga ɓangaren ƙananan yara, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Suka yi ta fantsama wa juna ruwa suna dariya. Inna tana zaune dab da su, idonta a kansu. Ladi ta hau abin zamiya sau bakwai. Kawu ya saya wa Bala jar ƙwallon roba. Murna ta cika shi, har baki ya ƙi rufuwa.

4. Cikin kwalekwale

Da hantsi ya ɗaga, Kawu ya yi ciniki da wani dattijo mai fito, don ya kai su Togobil, garin da ke tsallaken tafki. Dattijon ba ya jin Hausa. Da Kawu yakan yi harshen Mina, da yara kuwa Faransanci.

Kafin su shiga, ya miƙa wa kowa rigar ceto. Bala ya ɓata fuska.

— Kawu, rigar nan ta yi mini nauyi. Ai ruwan ba shi da zurfi, ga mai jirgi can yana tokara gora a ƙasa.

Kawu ya fassara wa dattijo. Dattijo bai ce komai ba. Ya ɗauki gorarsa, ya tsoma ta a ƙarshen gada har ta taɓa ƙasa. Ya zaro ta, ya tsayar da ita kusa da Bala. Inda ruwa ya jiƙa ya wuce kan Bala da kamu biyu. Gindin gorar kuma ya sha baƙar laka. Bala ya yi shiru, ya sa rigarsa.

Jirgi ya tashi. Dattijo yana tsaye a baya yana tokara gora, jirgi yana tsaga ruwa a hankali. Suka wuce masunta suna jefa birgi. Fararen tsuntsaye suna shawagi a kansu. A tsakiyar tafki dattijo ya ba su wani labari mai ban tausayi. A watan Mayu na shekarar 2011, mutane suna dawowa daga jana'iza cikin jirage, sai guguwa ta taso. Jiragen suka kife, mutum 36 suka rasu. Shi ya sa in ya ga hadari ya haɗo, ko nawa za a ba shi ba ya fita.

Daga nan ya ɗaga yatsu uku, ya ce wa yaran:

— In wani ya faɗa ruwa a gabanku, abu uku za ku yi. Na ɗaya, ku yi ihu. Na biyu, ku jefa masa abin da ba ya nutsewa. Na uku, ku kwanta rubda ciki ku miƙa masa sanda. Amma kada ku bi shi cikin ruwa. Wanda yake nutsewa ba ya sanin ɗan'uwansa. Duk wanda ya kama, tare za su tafi.

Ladi ta maimaita maganar a zuciyarta: ihu, jifa, sanda.

A Togobil suka zaga gari. Sun ga tsohuwar majami'ar da aka gina a shekarar 1910, zamanin mulkin Jamus. Kawu ya gaya musu cewa a shekarar 1884 wakilin Jamus, Gustav Nachtigal, ya ƙulla yarjejeniya da mutanen Sarki Mlapa na wannan gari. Daga sunan garin ne aka samo sunan ƙasar baki ɗaya. Togo ta sami mulkin kanta ranar 27 ga watan Afrilu, 1960. Ya ce a shekarar 1985 ma Paparoma ya ziyarci garin, shi ma ta kan tafkin nan ya iso.

5. Jar ƙwallo

Bayan azahar suka komo Agbodrafo. Kowa ya tuɓe rigar ceto, aka mayar wa dattijo. Inna ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Suka ci soyayyar doya da gasasshen kifi, suka sha ruwan kwakwa. Ruwan jarka ya ƙare, Inna ta rufe ta, ta ajiye a gefe.

La'asar ta yi. Baba da Kawu suka tafi bayan rumfa yin salla. Inna ta ɗauki kwanuka za ta wanke a famfo. Ta dubi Ladi, ta ce:

— Ke, ki kula da ƙannenki. Yanzu zan dawo.

— To, Inna.

Ladi ta zauna tana gyara wa Auta kitso. Bala yana buga ƙwallonsa a kan yashi. Ya buga da ƙarfi, ƙwallo ta gangara ta hau gadar katako, ta yi ta mirgina har ta faɗa ruwa. Bala ya waiwaya. Babu mai kallonsa. Ya ce a ransa: ga ta nan kusa, hannu kawai zan miƙa.

Ya je ƙarshen gada, ya durƙusa, ya miƙa hannu. Iska ta ɗan tura ƙwallon gaba. Ya ƙara miƙewa. Katakon a jiƙe yake, ga santsi. Ƙafarsa ta zame, sai tsundum!

Bala ya nemi ƙasa da ƙafarsa, bai samu ba. Ya buɗe baki zai kira yayarsa, ruwa ya cika masa baki. Ko sau ɗaya bai iya yin kuka ba. Mutane suna zaune a rumfuna suna hira, babu wanda ya ji komai.

Auta ce ta nuna da yatsa.

— Yaya, ga ƙwallon Yaya Bala can cikin ruwa.

Ladi ta ɗaga kai. Ga ƙwallo, babu Bala. Gabanta ya faɗi. Ta miƙe ta duba sosai, sai ta hango kansa ya ɓullo, ya sake nutsewa.

Ƙafafunta suka ɗauke ta da gudu. Niyyarta ta faɗa ruwa ta kamo shi. Amma ita ma ba ta iya iyo ba. Sai ta tuna da yatsu ukun dattijo. Ta ƙwalla ihu:

— Jama'a, a taimaka! A taimaka!

Mutane suka waiwayo, amma ba su gane abin da take faɗa ba, don ba sa jin Hausa. Nan take ta tuna da darasin aji, ta ɗaga murya iya ƙarfinta:

— Au secours! Au secours!

Ta ce wa Auta ta ruga ta kira Baba. Ta suri jarkar nan da ba kowa a ciki, ta hau gada, ta jefa ta dab da Bala. Da kansa ya sake ɓullowa, hannunsa ya bugi jarka, ya rungume ta gam. Ladi ta jawo gorar da ke jingine a jikin gada. Ta kwanta rubda ciki, ta miƙa masa.

— Bala, kama! Kada ka saki jarkar! Kama da hannu ɗaya!

Bala ya kama. Nauyinsa ya soma jan ta, amma da yake a kwance take, ba ta zame ba. Kafin ƙarfinta ya ƙare, sai ga dattijo mai fito ya iso da jirginsa. Ya cafko Bala ta bayan riga, ya ɗora shi cikin jirgi.

6. Laifin wa?

Aka kwantar da Bala a kan yashi ta gefe ɗaya. Ya yi ta tari, ya amayar da ruwa, sannan ya fashe da kuka. Dattijo ya ce kukan nan alama ce mai kyau, yana numfashi. Inna ta iso a guje, ko takalmi babu. Ta cire masa jiƙaƙƙen kaya, ta lulluɓe shi da zane. Jikinta sai rawa yake yi.

Baba ya riƙe hannun dattijo da hannu biyu, yana ta godiya. Ya ciro kuɗi zai ba shi. Dattijo ya girgiza kai, ya nuna Ladi, ya ce ita za a gode wa.

Ba su tsaya ba, suka kai Bala asibitin garin. Ma'aikaciyar jinya ta saurari ƙirjinsa, ta duba numfashinsa. Ta ce sun kyauta da suka kawo shi, domin wanda ya shaƙi ruwa yana iya samun wahalar numfashi bayan wasu sa'o'i. Ta ce a sa masa ido cikin dare. In ya soma tari mai yawa, ko numfashi da ƙyar, ko zazzaɓi, a maido shi nan da nan.

A mota, kan hanyar Lome, kowa ya yi tsit. Can sai Ladi ta soma hawaye.

— Baba, laifina ne. Inna ta ce in kula da su, ni kuma na sa ido ga kitso.

Bala ya ce da ƙaramar murya:

— A'a, Baba, nawa ne. Na ga zurfin wurin a jikin gora, amma na je.

Baba ya daɗe bai yi magana ba. Daga baya ya ce:

— Bala, ka yi kuskure, kuma ka ga sakamakonsa. Ƙwallo ana sayen wata a kasuwa. Kai fa, a wace kasuwa za mu samo ka? Amma babban laifin namu ne, mu manya. Mu uku muka tashi lokaci ɗaya, muka bar yarinya ƴar shekara 12 da yara biyu a bakin ruwa. Da ni na yi salla, Kawunku ya tsaya, in na idar shi ma ya yi, da haka ba ta faru ba.

Kawu ya ce:

— Gaskiya ne, Malam. Allah ya kiyaye gaba.

Inna ba ta ce komai ba. Ta jawo Ladi jikinta, ta share mata hawaye da bakin mayafi.

Bala ya kwana lafiya. Bayan kwana biyu suka koma Awuda. Da aka buɗe makaranta, malami ya ce kowa ya ba da labarin hutunsa. Bala ya tashi ya ba da nasa, bai ɓoye komai ba. Daga ƙarshe ya ɗaga yatsu uku, ƴan aji suka amsa gaba ɗaya: ihu, jifa, sanda.

7. Ruwan garinmu

Ba sai an je Tafkin Togo ake gamuwa da irin wannan haɗari ba. Akwai kogin Oti a Mango. Akwai kogin Mono da babbar madatsar Nangbeto, wadda aka gama a shekarar 1987. Akwai madatsar Dalwak kusa da Dapaong. Kowane gari yana da rafi, ko kududdufi, ko ramin da aka haƙa don yin tubali, wanda yakan cika da damina. Akwai rijiyoyi marasa murfi. Jariri kuwa ko a cikin bokiti ko baho yana iya nutsewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya. Da yawa daga cikinsu yara ne. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga watan Yuli don tunatar da mutane hanyoyin kare kai daga nutsewa.

Ruwa abin alheri ne. Da shi muke sha, da shi muke noma, a cikinsa muke samun kifi, wasa a bakinsa kuma akwai daɗi. Ba a ce a guje shi ba. A san halinsa, a koyi iyo a hannun babban da ya iya, a kuma bi ƙa'ida. Rigakafi ya fi magani.

MU RIƘE

Yaro ba ya zuwa bakin ruwa sai tare da babba.
Babban da ke tsaron yara ba ya haɗa tsaron da wani aiki.
Ruwan da yake kwance luf yana iya yin zurfi.
Mai nutsewa sau da yawa ba ya iya ihu. Ido ne yake gano shi.
A cikin jirgi, kowa da rigar ceto. In hadari ya haɗo, ba a fita.
In wani ya faɗa ruwa: ihu, jifa, sanda. Ba a bin shi ciki.
Wanda aka ceto daga ruwa, a kai shi asibiti.

MA'ANAR KALMOMI

Fatake: ƴan kasuwa masu tafiya mai nisa cikin ayari.
Mai fito: mutumin da yake ƙetarar da mutane ruwa a cikin jirgi.
Gora: doguwar sanda da ake tura jirgi da ita.
Birgi: tarun da masunci yake jefawa ya buɗe a kan ruwa.
Rigar ceto: rigar da take hana mutum nutsewa.
Rubda ciki: kwanciya a kan ciki, fuska tana kallon ƙasa.
Madatsa: ginin da ake tare ruwan kogi da shi.

DA HAUSA DA FARANSANCI

tafki : le lac
teku : la mer
kogi : le fleuve
kwalekwale : la pirogue
masunci : le pêcheur
rigar ceto : le gilet de sauvetage
jarka : le bidon
zurfi : la profondeur
iyo : la nage
nutsewa : la noyade
a taimaka! : au secours !
Awuda : Aouda
Togobil : Togoville

TAMBAYOYI

1. A ina garin Awuda yake? Me mutanensa suke nomawa?
2. Wane alkawari Baba ya yi wa yaransa?
3. Waɗanne koguna ne suke zuba ruwa a Tafkin Togo?
4. Yaya dattijo ya nuna wa Bala zurfin ruwa ba tare da ya yi magana ba?
5. Me ya sa mutanen da ke rumfuna ba su ji faɗawar Bala ba?
6. Me ya sa Ladi ta sake yin kira da Faransanci?
7. Me ya sa ta kwanta rubda ciki kafin ta miƙa gora?
8. Ladi ta ce laifinta ne, Bala ya ce nasa ne, Baba ya ce na manya ne. Ku me kuka gani? Ku faɗi dalili.

NAHAWU

Ku ba da jam'in waɗannan sunaye: tafki, kogi, jirgi, masunci, riga, sanda, gari.

Ku mayar da waɗannan jimloli korarru:
Bala ya iya iyo.
Ladi ta faɗa cikin ruwa.
Dattijo yana fita in hadari ya haɗo.

Ku cike gurbi da ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi: tsundum, luf, gam, tsit.
Ruwan tafki ya kwanta ......
Yaro ya faɗa ruwa ......
Ya rungume jarka ......
Mutanen cikin mota sun yi ......

LISSAFI

1. Daga Awuda zuwa Lome kilomita 300 ne, daga Lome zuwa Agbodrafo kilomita 30. Kilomita nawa iyalin suka yi zuwa da dawowa?
2. Shekara nawa ne tsakanin 1884 da 1960?
3. Ku haɗa shekarun Ladi da Bala da Auta. Nawa ke nan?

AIKI

1. Ku zana taswirar Togo a cikin littafinku. Ku sa Dapaong, Sokode, Awuda, Atakpame, Lome da Tafkin Togo.
2. Tare da malami, ku zuba ruwa a baho. Ku saka dutse, da ɗan katako, da cokali, da kwalbar roba rufaffiya wadda ba kowa a ciki. Me ya nutse? Me ya tsaya a sama? Ku cika kwalbar da ruwa ku sake gwadawa.
3. A filin makaranta, ku zana layi a ƙasa ya zama bakin ruwa. Ɗaya ya zama Bala, ɗaya Ladi, ɗaya Auta, ɗaya dattijo. Ku yi wasan kwaikwayon ceton.
4. Ku lissafa wuraren ruwa masu haɗari a unguwarku. Ku tambayi iyayenku abin da za a yi don a kare ƙananan yara.
5. Ku rubuta jimla biyar a kan wani yawo da kuka taɓa yi tare da iyayenku.